A sayar da saniya ko a ajiye ta? Sharhi kan wasan yaƙin da ya sa Hausawa a allo

Tun da kamfanin Microsoft ya ƙara wani sashe mai suna The African Royals a wasan kwamfuta na Age of Empires III a watan Agustan 2021, samarin unguwarmu da dama suka samu abin yi. Sashen ya shigo da al'ummomi biyu na Afirka, Habashawa da Hausawa. Yaro zai zauna ya gina gari, ya tara dukiya, ya kafa runduna, yana jin mayaƙansa suna amsa masa da Hausa, ga barade masu lifidi a kan dawakai, ga Fulani maharba da kwari da baka. Ga yaron da aka haifa nan Kudu, wanda bai taɓa ganin hawan salla ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba wasan da idon basira, mu faɗi inda ya yi kyau da inda ya kauce.

Dukiyar wasan iri uku ce ga kowa: abinci, itace da kuɗi. Amma 'yan Afirka an ƙara musu ta huɗu, wadda za mu kira faɗa-a-ji. Ba a noma ta, ba a sare ta a daji. Tana taruwa ne daga zangon fatake da mutum ya mallaka, da ƙawance da mutanen yankin, da makarantar ilimi idan an gina ta kusa da fada ko tsakiyar gari, da kuma shanun da aka ajiye. Da ita ake ɗaukar sojan haya da manyan bindigogi. Wato dai masu wasan sun gane cewa a ƙasarmu mutunci da jama'a su ma jari ne.

Inda wasan ya fi burge mu shi ne kasuwar dabbobi. Kana iya sayar da saniya ka karɓi itace ko kuɗi nan take. Mai ƙiba ta fi ramammiya daraja, kuma da ka sayar farashi zai sauka, sai an jima ya farfaɗo. In ka sayar da wuri ka samu abin gina barikin soja, amma ka yi asarar ƙibar da za ta yi da faɗa-a-jin da za ta kawo. In ka riƙe ta, abokin gaba na iya afko maka ba ka da ko mashi ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a kara ranar da tireloli suka sauke kaya lokaci guda ya san wannan lissafin, ba sai an koya masa ba.

To, amfanin wannan tsari ya danganta da irin fagen da aka zaɓa, kuma a nan ne samarinmu suke yawan kuskure. Akwai fagen da ake farawa da tulin dukiya, wanda suke kira Deathmatch. Shi ne ya fi farin jini, don ba jira, daga farawa sai gumurzu. A ganinmu shi ne mafi ƙarancin amfani, domin wanda aka cika wa rumbu kyauta ba ya koyon tattali. Saurin yatsa kawai ake gwadawa. Akwai kuma Treaty, inda ake hana faɗa na wani lokaci, kamar minti 20 ko 40. Wannan yana koyar da gina arziki cikin natsuwa, sai dai ya cire fargaba, ga shi kuwa fargabar ce ke sa shawarar sayar da saniya ta yi nauyi. Wanda muka fi yabawa shi ne fage na asali, Supremacy, inda ake farawa da 'yan ma'aikata kaɗan da guzuri kaɗan, kuma hari na iya zuwa kowane lokaci. A nan ne mutum ke gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

A wannan fagen ne kuma zaɓin ƙawaye ke da ma'ana. Duk sanda Bahaushe zai haye zuwa sabon zamani a wasan, sai ya zaɓi wanda zai ƙulla amana da shi, kamar Fulani, Songhai, mutanen Maroko, Akan, Yarbawa ko Turawan Ingila, kowanne da irin abin da yake kawowa. Mu da muke zaune cikin Yarbawa shekara da shekaru, ai mun san cewa zaɓin maƙwabci shi ma tattalin arziki ne.

Sai fagage uku na tarihi da sashen ya zo da su. Na farko Yaƙin Sarakuna Uku ne na 1578 a Maroko, inda Sarki Sebastiyan na Fotugal da sarakunan Maroko biyu masu takarar gadon mulki suka mutu rana ɗaya, Ahmad al-Mansur ya hau. Na biyu na Habasha ne, ƙarshen zamanin da hakimai suka raba ƙasar, har Kassa Hailu ya zama Sarki Tewodros a 1855. Na uku jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne da Sarkin Gobir Yunfa. Dukkansu an riga an tsara wa mai wasa abin da zai cimma, don haka 'yancin juya dukiya bai kai na fage na asali ba.

Na ukun ne muke da magana a kai. Sun sa masa suna Fall of the Hausa, wato faɗuwar Hausawa, kuma wannan suna bai yi wa tarihi adalci ba. Sarautu ne suka faɗi, Hausawa ba su faɗi ba. Talakawan Hausa da malamansu da yawa suna cikin jama'ar Shehu, kuma harshen Hausa bai gushe ba yana bunƙasa a ƙarƙashin daular Sakkwato. Yaron da ya haddace wannan suna zai tashi yana zaton rikicin ƙabila ne tsakanin Hausa da Fulani, a daidai lokacin da masu neman raba kanmu suke kaɗa wannan gangar. Kuma labarin na ainihi ya fi dacewa da wasan tattali: bayan hijira zuwa Gudu da nasarar Tabkin Kwatto a 1804, jama'ar ta sha kashi a Tsuntsuwa, ta yi fama da ƙarancin abinci har ta karkata zuwa Zamfara, kuma Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Shekara huɗu ke nan na haƙuri da neman abin kaiwa baki.

Akwai wani ƙaramin tuntuɓe kuma: jagorar Hausawa a wasan Sarauniya Amina ce, amma babban birninta Kano. Amina ta Zazzau ce, ko ɗan firamare ya san haka.

Duk da wannan, ba ma goyon bayan iyayen da ke cewa a hana wasan gaba ɗaya. A ƙayyade masa lokaci, kada ya ci salla ko islamiyya, a kuma karkatar da yara zuwa fagen da ake farawa da hannu biyu. Batun tarihi kuwa, kada mu bar wa kamfanin wasa. Idan yaro ya ambaci Yunfa ko lifidi, a zaunar da shi a ba shi labarin yadda yake, in an rasa mai sani a gida a kai shi wurin malaman unguwa.