Ƙarfe Ba Ya Narkar Da Nonon Namiji

Duk mai zagaya Gusau bayan la'asar, daga Tudun Wada zuwa Samaru, ya san sabon yayin da samari suka shiga. Bututun ƙarfe ne aka zura cikin gwangwanayen fenti biyu da aka cika da siminti, sai benci guda, sai layin matasa sanye da singileti kowa na jiran a zo kansa. A Tsafe da Bunguɗu ma haka abin yake, sai dai mai ɗan hali ya biya kuɗin wata a gidan motsa jiki. Ba na ƙin wannan yayi, ya fi zaman majalisa amfani nesa ba kusa ba. Abin da nake ja da shi shawara ce guda da ke yawo a wuraren nan kamar karatun da aka haddace: wai namijin da nono ya fito masa ya kwanta bisa benci ya yi ta tura ƙarfe, ƙirjin zai shanye. Ga mutane da yawa wannan magana ba gaskiya ba ce, wani lokaci ma ƙara bayyana abin take yi.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ƙirjin. Can ƙasa, manne da haƙarƙari, akwai faffaɗar tsokar da ɗaga ƙarfe ke ginawa. A samanta kitse ne, sannan daidai bayan kan nono akwai ɗan ƙullin nama irin wanda ke samar da nono a jikin mace, wanda a jikin namiji yakan zauna ƙarami ƙwarai. Idan ma'aunin sinadaran jiki ya karkata, na mata da ake kira istirojin ya rinjayi na maza wato testostiron, sai ƙullin nan ya girma. Likitoci na kiran haka gainikomastiya. To wannan ƙulli ba tsoka ba ne balle motsi ya ɗaure shi, ba kuma kitse ba ne balle gumi ya ƙone shi. Ka ajiye lemun tsami a kan tabarma, ka rufa masa zane, sannan ka cusa matashi ƙarƙashin tabarmar. Lemun bai ragu ba, ɗagowa ya yi. Saurayin da ya shekara yana gina ƙasan ƙirjinsa haka yake yi wa kansa: tsokar ta kumburo, kitsen da ke sassauta gefen ƙullin ya ragu, kan nonon ya ƙara tsini a cikin riga.

Za a ce ai ga wane an gani da ido, ya fara ɗaga ƙarfe da nono ya gama babu. Ban musa ba, amma abu biyu ne ke faruwa a nan, kuma babu ɗaya da benci ya yi. Na farko shekaru ne. Kusan rabin yara maza sukan sami wannan kumburi lokacin balaga, galibi wajen shekara 13 zuwa 14, har da ɗan zafi idan an taɓa, kuma a mafi yawansu yakan baje da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Yaron da ya fara atisaye a wannan tsakanin zai ba ƙarfe ladan aikin da jikinsa ya yi shi kaɗai. Na biyu, ba kowane cikar ƙirji ne gainikomastiya ba. Wani kitse ne zalla, irin na mai ƙiba, kuma shi yana raguwa. Sai dai ko shi ɗin ba daga ƙirji kaɗai yake tafiya ba, don jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da ake motsawa. Daga ko'ina yake ɗiba idan abin da ake ci ya gaza abin da ake ƙonewa. Rage lemun kwalba da soye-soye, da tafiyar ƙafa, sun fi yi masa aiki. Bambancewar farko ba ta da wuya: a kwanta rigingine, a sa babban yatsa da manuni a gefe biyu na kan nono, a matso su a hankali. In an ji wani abu mai ɗan tauri kamar roba, zagaye da kan nonon, ƙulli ne. In yatsun sun haɗu ba abin da ya tare su, kitse ne.

Abin dariya da takaici shi ne, wani lokacin wurin ɗaga ƙarfen ne ma ke haifar da ciwon. Allurai da ƙwayoyin gina jiki da ake tallatawa a intanet testostiron ne ko danginsa, kuma idan ya yi yawa jiki yakan juya wani kaso nasa ya koma istirojin. Shi ya sa gainikomastiya sanannen abu ne a tsakanin masu gasar gina jiki a Amurka da Turai, mutanen da babu ɗigon kitse a ƙirjinsu. Da tura ƙarfe na warkar da shi, da su ne na ƙarshen kamuwa.

Inda shawarar ta fi yin ɓarna shi ne jinkirin da take jawowa. Nonon da ya fito wa baligi, musamman wanda ya haura 30 ko ya zo farat ɗaya, sau da yawa saƙo ne daga wani wuri. Hanta ce ke sarrafa sinadaran nan, idan ta lalace ƙirji kan nuna, kuma binciken ƙasa na 2018 ya gano ciwon hanta nau'in B a jikin kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya. Ciwon ƙoda na iya jawo shi, haka ƙari a maraina. Akwai kuma magunguna da mutane ke sha kullum: spironolactone na hawan jini da kumburi, cimetidine na gyambon ciki, ketoconazole, da efavirenz cikin magungunan ƙanjamau. A irin wannan, likita ya canza magani kan isa, ba mai sha ya daina da kansa ba. Sankarar nono ma tana kama maza, kusan 1 cikin kowane 100 na masu ita namiji ne, kuma alamunta ƙulli mai tauri a gefe guda, ko kan nono ya shige ciki, ko jini ya riƙa fita. Sannan lokaci na da muhimmanci: a watannin farko ƙullin yana iya jin magani, amma idan ya kai shekara yakan ƙandare, daga nan sai tiyata. Wanda ya ƙare wannan shekarar a kan benci ya yi asarar damarsa.

Wani zai ce to a bar ƙarfen kenan? A'a. Ƙasar da ta fitar da ɗan dambe Shago na Bakura ba a koya mata darajar ƙarfin jiki. Atisaye na gyara kamanni, in an san inda za a sa shi. Mai jin kunyar ƙirjinsa yakan ranƙwafa, kafaɗu su zubo gaba, riga ta taru daidai inda yake son ɓoyewa. Gina baya da kafaɗu da saman ƙirji yana miƙar da mutum, ya faɗaɗa shi ta sama, ƙullin ya zama ƙarami a cikin babban fili. Wannan riba ce ta gaske, amma sutura ce, ba magani ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi da kunya, cewa benci kyauta ne, asibiti kuwa sai an tuɓe riga a gaban baƙo an kuma biya. Tiyata na da tsada, gaskiya ne, amma yawancin masu wannan matsala ba su buƙatarta. Abin da suke buƙata da fari likita ya taɓa wurin, ya tambayi magungunan da suke sha, in ya ga dama ya sa a duba hanta. Wannan aiki babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu na iya fara shi, in abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Kuɗin katin asibiti bai kai na gwangwanin garin gina jiki guda ba.