Jinjina ga Masu Gyaran Debian

Debian babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma kowa yana da damar duba rubutunta ya gyara. Kafin fitar da sabon zubi, 'yan sa-kai sukan dakatar da ƙare-ƙare na tsawon watanni, su duƙufa kan manyan kurakurai, wato masu lalata bayanai ko buɗe wa ɓarayi ƙofa, kamar yadda mutanen Haɗejiya ke toshe ɓarakar jinga tun kogi bai cika ba. Ƙaramar manhajar da gyaranta ya gagara, akan cire ta. Da wannan haƙuri Debian 12 ta fito ranar 10 ga Yuni, 2023, kuma masu aikin sun cancanci yabo.