Fatoma da Baƙonsa a Ƙasar Gumel

A shekarar 1949 aka kafa ƙungiyar Servas a ƙasar Denmak, domin matafiyi ya riƙa sauka a gidan mutumin gari maimakon otal, ya ci abincinsa, su san juna bayan ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya intanet ta ɗauki wannan al'ada ta faɗaɗa ta: Couchsurfing a 2004, Airbnb a 2008. Masu yawon hutu a arewacin Turai kan yabi tsarin da cewa yana da arha, kuma yana kusanta baƙo da rayuwar gari. Mutumin Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar ba zai ga abin mamaki a nan ba, don saukar baƙo a zaure ya girmi kakansa. Sai dai a ganina ana yi wa al'adar tamu gurguwar fahimta idan aka taƙaita ta a kan karamci. Babban abin da mai masauki ke bai wa baƙo a wannan yanki shi ne sunansa, wato lamuni. Tabarma da tuwo suna biyo baya ne.

Tarihin yankin ne ya haifar da haka. Gumel masarauta ce ta Mangawa da ke tsakanin Kano, Borno da Damagaram, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, kuma hanyar fatake ta ratsa ta. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi ta garin a 1851, ya tarar da shi babbar matattarar cinikin kanwa. Falken da ya iso irin wannan gari da kaya masu tsada, ba ya da dangi, ba ya da alƙalin da ya san shi, yana buƙatar wanda zai tsaya masa. Wannan shi ne aikin fatoma ko maigida: ya sauke shi, ya adana kayansa, ya haɗa shi da dillali, in ciniki ya faɗa bashi ya ɗauki nauyin biya idan mai saye ya gudu. Cikin masu bincike, Polly Hill ta yi rubutu a 1966 kan wannan tsari a Kumasi, Abner Cohen kuma ya nuna a 1969 yadda masu gidajen unguwar Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu tsakanin Arewa da mahautan Yarbawa da irin wannan lamuni. Abin da suka gani a Kumasi da Ibadan reshe ne. Saiwar tana garuruwa irin Maigatari, inda har yau ranar Alhamis kara ke cika da shanu, raƙuma da tumaki daga Nijar, masu saye kuma suna loda tireloli zuwa Kudu. Makiyayin da ya koro garke daga ƙasar Damagaram yana magana da sefa, mai saye yana magana da naira, wani lokaci ma ba yare ɗaya suke ji ba. Mutumin da dukansu biyu suka yarda da shi, shi ne ke sa kuɗi su canza hannu.

Za a ce ai wannan ba karamci ba ne, kasuwanci ne, tunda fatoma yana cin la'ada, kuma baƙon da ya sauka a gidansa ba ya da sakewar sayarwa ta hannun wani. Akwai gaskiya a zargin. Ana samun dillalin da zai faɗa wa mai dabba wani farashi, ya faɗa wa mai saye wani, ya soke bambancin a aljihu. Akwai kuma ɗawainiyar da ba a lissafawa: matan gidan ne ke daka da girki ga baƙin da ba su taɓa gani ba, la'adar kuwa hannun maigida take shiga. Amma cin la'ada bai rushe hujjar ba, ƙarfafa ta ya yi. Saboda fatoma yana da abin da zai rasa ne maganarsa ke da nauyi. Wanda ya cuci baƙo sau ɗaya, kafin damina ta zagayo labarin ya kai Zinder, zaurensa ya bushe. Taurarin da matafiya ke bai wa mai gida a Airbnb ƙoƙari ne na ƙera irin wannan tsoron zubewar mutunci tsakanin mutanen da ba za su sake haɗuwa ba, kuma mai gidan can ba ya biya wa baƙonsa bashi.

Zargi na biyu ya fi ƙarfi: zamani ya wuce tsarin. Akwai waya, akwai tiransifa, akwai masu POS a bakin kasuwa, akwai gidajen saukar baƙi na kuɗi, ga kuma rashin tsaro da ya sa mutum ke tunani kafin ya buɗe wa wanda bai sani ba ƙofa. Lallai kwana a zaure ya ragu, don mota ta sa mutum na iya zuwa da safe ya koma da yamma. To amma tiransifa tana kai kuɗi ne kawai, ba ta shaida cewa saniyar ba ta sata ba ce. A lokacin da satar shanu ta yi yawa a Arewa, tambayar da ake yi wa baƙo a kara, "Wa ya sauke ka?", ta ƙara tsada ne.

An ga haka lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020 da aka buɗe Maigatari tare da Seme, Illela da Mfum, sannan aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a can a Yulin 2023. Kasuwa ta ji jiki sosai. Duk da haka bashin da ke tsakanin mutanen tsallaken iyaka da na nan bai zama na Allah-ya-isa ba don an sa shinge a hanya, tunda ba a ofishin kwastam aka ƙulla shi ba, a zauren mai masauki aka ƙulla shi, gaban mutanen da za su ci gaba da haɗuwa a biki da jana'iza.