Jinjina ga 'Yan Baya

A gidajen kallon ƙwallo na Gummi, kamar sauran garuruwa, wanda ya zura ƙwallo ake yi wa ihu. Mai tsaron baya kuwa sai ya yi kuskure ake tuna sunansa. Alhali shi ke shan gwiwar hannu a haƙarƙari, ya sa kai inda wani ke kai takalmi.

Aikin na mutum biyu ne: ɗaya ya fita tarar ɗan gaba, ɗaya ya rufe masa baya. Shi ya sa musu ba ya ƙarewa a teburin mai shayi kan wa ya dace da wa. A gasar kofin Afirka ta 2013, Stephen Keshi ya ajiye kyaftin Joseph Yobo a benci, ya haɗa Kenneth Omeruo, ɗan shekara 19, da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars. Suka riƙe Burkina Faso a wasan ƙarshe, Najeriya ta ci ɗaya da nema. Yobo ya shigo ana dab da tashi, ya ɗaga kofin.

Masu cewa tsohon ɗan baya ya gama yayi, su tuna William Troost-Ekong: ya haura talatin aka zaɓe shi gwarzon gasar kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a 2024. In gudu ya ragu, sanin wurin tsayawa ke ƙaruwa.

Gaishe ku 'yan baya, har da Shehu Abdullahi na Sakkwato, wanda ya dawo da tagulla daga Olimfik ta 2016.