Hirar Dakali Da Ihun Ɓarawo

Duk unguwar da ka shiga a birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, da wuya ka rasa wata majalisa da ke haɗuwa bayan sallar lisha, ko a dakalin ƙofar wani gida, ko a bencin mai shayi. Hirar da ake yi a irin waɗannan wurare, ni a ganina, adabi ce mai zaman kanta. Tana da gwanayenta, tana da 'yan amshinta, tana kuma da hanyar da take bi ba ta saki. To tun da adabi ce, ya halatta a ɗora ta a sikeli kamar yadda ake ɗora littafi ko waƙa. Wadda nake so mu duba, mai karatu, ita ce hirar nan ta "zamaninmu", wadda ake buɗewa da silima a rufe da ɓarawo.

Kullum da silima ake farawa. Wani zai ce, "Kai Alhaji, ka tuna layin tikiti a Plaza ranar da aka sa sabon fim ɗin Indiya?" Shi ke nan an buɗe famfo. Sai a shiga jero su: Rex da Eldorado a Sabon Gari, Orion a Ƙofar Wambai, Wapa a Fagge, Marhaba can wajen Farm Centre, ga kuma Palace da aka buɗe a cikin birni a 1952, wadda malamai suka yi ta tsine wa. A tuna yadda ake sulalewa daga gida bayan tsoho ya shiga turaka, da yadda ake haɗa sulalla a sayi tikiti, da tsiren da ake ci in an tashi, da dawowa a ƙafa tsakar dare ana kwaikwayon faɗan Bruce Lee a tsakiyar titi. Wani ya ce shi ta katanga yake komawa gida, wani ya ce ƙanwarsa yake ba toshiyar baki ta zare masa sakata.

Wannan kashi na hirar ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Wallahi akwai gwanaye. Za ka ga mutum bai taɓa rubuta ko wasiƙa ba, amma in ya ɗauko labarin daren da aka ɗauke wuta ana tsakiyar fim, sai ka ji kamar kana cikin zauren, har ƙaurin hayaƙin taba sai ka ji. Ya san inda zai ja, ya san inda zai yi shiru ya kurɓi shayi ya bar ku kuna jira. Marubutanmu da yawa da za su zauna su koyi wannan dabara da littattafansu sun fi haka daɗi. Kuma tarihi ne da babu shi a takarda, don yawancin gidajen nan yanzu sun zama shaguna da wuraren ajiye kaya.

Sai dai fa ko a nan akwai ɗan ha'inci. Mai ba da labarin, wanda yau shi ne a sahun gaba, shi ne kuma mai cewa yaran zamani sun lalace, ba ya faɗin cewa a wancan lokaci duk wanda aka gani a ƙofar silima sunansa ɗan iska, kuma ana iya hana shi aure saboda haka. Shi nasa yawon dare ƙuruciya ne, na ɗansa kuwa lalacewa. To wannan mai sauƙi ne, mu wuce.

Daga silima sai hira ta gangaro kan 'yan sane, don ai a turmutsutsun shiga suke cin kasuwarsu. Nan ne za ka ji abin mamaki. Mutanen kirki, masu tasbaha a hannu, sai su shiga yabon ɓarawo ba su sani ba. A ba da labarin wanda ya yanke aljihun wani baƙauye da reza, mutumin bai farga ba sai da ya zo biyan kuɗin gurasa. A ba da na wanda ya shiga masallaci da silifas ya fito da takalmi sau-ciki. A ba da na wanda ya sa wa akuya riga da hula ya goya ta a keke, ya wuce 'yan sintiri yana cewa yaro ne ba lafiya. Wannan na akuya kuwa kowane gari ka je za a rantse maka a nan aka yi shi. Ana faɗa ana tafawa, wani har da riƙe ciki, ana cewa, "Kai, wannan shege ne!" Kuma kowa ya san "shege" a wannan wuri kirari ne.

Ba yau muka fara ba. Gizo na tatsuniya mene ne in ba macuci ba? Amma shi yara ke so, ba wanda ya damu da Ƙoƙi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, abin da ya fi zama a ran masu karatu shi ne cutar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna. Marigayi Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta da ɓarayi waƙa, Gambu kuwa, mutumin Fagada ta ƙasar Kabi, har sunansa ya zama Mai Waƙar Ɓarayi, kuma ba ɓarayi kaɗai ke sayen kasetinsa ba, kafin daga baya ya tuba ya bar ta. Ko a fim ɗin Indiyan da ake tunawa, ai jaruman Sholay na 1975 su biyu ƙananan ɓarayi ne da wani tsohon ɗan sanda ya ɗauko haya su kamo masa ɗan fashi, kuma mutanenmu ne da bakinsu suka raɗa wa Sanjay Dutt "ɗan daba mai lasin". Wato dai mun daɗe muna sha'awar mai wayo. Ni ban ga laifi a dariyar ba. Talaka da kullum shi ake yi wa wayo, in ya ji labarin wanda ya yi wa duniya wayo, dole ransa ya ɗan yi sanyi.

Inda nake da magana shi ne kashi na uku, wanda ake zuwa gare shi ba tare da an ko gyara zama ba.

Da an gama dariyar mai akuya, sai wani ya ce, "Amma fa wanda muka kama a lungunmu bai ji da daɗi ba." Sai murya ta ƙara sama. A ce da misalin ƙarfe uku na dare aka ji ihu, kowa ya fito, wani da gora, wani da taɓarya, wani da barandami. Aka bi shi, ya faɗa kwata, aka jawo shi. Sai a shiga rabon jarumta: "Ni na fara tare shi." "A'a Malam, ni ne dai na sa masa ƙafa." A kwaikwayi yadda yake roƙo, a kwaikwayi yadda yake kiran uwarsa, a yi dariya irin dai wadda aka yi ɗazu, ba ragi ba ƙari. In wani yaro a gefe ya tambaya, "Baba, to me ya sata?" sai ka ji an ɗan yi jim, a ce rediyo ne, wani ya ce a'a, kamar tukunya ce. In ya ƙara da cewa, "To daga baya fa?" sai a ce, "Oho, 'yan sanda dai sun zo sun kwashe shi." Kwashe shi fa aka ce, ba tafiya da shi ba.

Ka duba da kyau, mai karatu. Baki ɗaya, zama ɗaya, shayi ɗaya. Ɓarawon da ya tsira gwani ne, wanda aka kama kuwa nama ne. Ashe ke nan ba satar ake hukuntawa a labarin ba, rashin sa'a ake hukuntawa. Yaron da ke zaune a gefe yana saurare, darasin da zai tashi da shi ke nan, ko an so ko ba a so ba: yi, amma kada a kama ka; in kuma wani aka kama, to ka yi sauri kada a gama rabon duka ba kai.

A matsayin labari ma, wannan kashi ya fi sauran rauni. Na silima cike yake da sunaye, har sunan mai yaga tikiti ana tunawa. Na ɗan sane akwai dabara, akwai yadda aka yi aka yi. Amma wanda aka daka ba shi da suna, ba shi da unguwa, ba a san shekarunsa ba, ba a ma tabbatar da abin da ya ɗauka ba. Dole ne a bar shi haka, don da za a ce sunansa wane, ɗan gidan wance mai ƙosai, shekararsa sha shida, to dariyar ba za ta fito ba. Gwanin hira ya san haka, shi ya sa yake tsallakewa. Abdulƙadir Ɗangambo a Kitsen Rogo bai tsallake ba. Ya ɗauko saurayi tun daga ƙauyensu, ya biyo shi har birni, muka ga yadda ya faɗa hannun miyagun abokai. Kana iya ƙin halinsa, amma ba ka iya cewa ba mutum ba ne. Abin da littafi ya fi dakali ke nan a wannan fage.

Akwai kuma wanda sam ba ya fitowa a hirar, wato ɓarawon zaune. Rediyon da aka sata ai ba ci ɓarawo zai yi ba, akwai mai saye. Yau da aka koma ƙwacen waya ma haka ne, akwai mai karɓa ya goge ya sayar. Ba ka taɓa jin an ce an bi wannan da gora. Wani lokaci ma yana nan cikin majalisar, shi ya biya kuɗin shayin.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba ƙarya ba ne. Za a ce in an kai shi caji ofis, kafin ka dawo gida ya riga ka, har ya tsaya a bakin layi yana yi maka kallon za mu gamu. Za a ce wanda bai taɓa tashi da asuba ya tarar an kwance masa keken ɗinkin da yake ci da iyali da shi ba, bai san zafin abin ba. Haka ne. Mutumin da aka yi wa sata yana da haƙƙi, kuma hukuma ta daɗe tana tauye shi. Amma a lura, yawancin masu dukan ba su aka yi wa satar ba. Ihu kawai suka ji. Mai kayan sau da yawa shi ne ma ke cewa a bari haka nan, ba mai jin sa.

Wani kuma zai fake da addini, ya ce ai Musulunci bai sassauta wa ɓarawo ba. To a nan ma sai a yi hattara. Shari'a ba ta yanke hannu sai kayan ya kai nisabi, wato rubu'in dinari, sai an ɗauke shi daga ma'ajinsa, sai an sami shaidu adalai ko shi ya amsa da bakinsa, kuma duk wannan a gaban alƙali, ba a bakin kwata ba. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Ko a Zamfara a 2000, da aka yanke hannun Buba Jangeɓe kan satar saniya, abin da duniya ta yi ta ce-ce-ku-ce a kai, ai kotu aka je, kuma da ransa ya koma gida. Batun rataya wa mutum taya a zuba fetur kuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana azabtarwa da wuta. Ban san littafin da masu ashana suka karanta ba.

Masu cewa tsanani ne maganin abin su tuna cewa an gwada. Gwamnatin soja ta kafa dokar harbe 'yan fashi a 1970. An ɗaure Oyenusi a jikin durom a bakin teku a Legas a 1971, jama'a suka yi dafifi suna kallo kamar ranar hawan salla. An harbe Anini na Bini a 1987. Fashi bai ƙare ba. Abin da ya ƙaru shi ne sabon ido da ganin mutuwar mutum a matsayin abin kallo.

Ihun "ɓarawo" kuwa ba ya tambayar shaida, kowa na iya yin sa, har wanda ake bi bashi. A watan Oktoba na 2012, a Aluu kusa da Fatakwal, haka aka yi wa ɗalibai huɗu na jami'a, aka tuɓe su, aka daka, aka ƙone, mutane na tsaye suna ɗauka a waya. Sai a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan abin, ciki har da ɗan sanda. Lokacin da yawa a majalisunmu cewa suka yi halin mutanen can ne. Sai ga watan Maris na 2025, cikin azumi, 'yan sintiri a Uromi ta jihar Edo suka tare wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal, suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu satar mutane ne. Mutum 16 aka kashe, mafarauta ne 'yan jihar Kano da ke hanyar zuwa gida yin salla. A makon nan ba majalisar da ba ta yi Allah-wadai ba. Aka yi ta tambaya, ina shaida, ina hukuma, don me ba a tsaya an bincika ba? Aka nemo sunayensu da garuruwansu, aka ƙirga marayun da suka bari. Tambayoyin nan duka daidai ne, kuma su ne dai waɗanda yaron nan na gefen benci ya yi a kan mai rediyo, ko mai tukunya, aka ce masa oho.