Gidan ƙarfen da aka kwashe daga Yamai

Bari in fara da ɗakin da nake karantarwa a nan Sanam. Na bulon siminti ne, rufinsa kwano, tagoginsa biyu duk yamma suke kallo. Ran da aka buɗe shi har guɗa mata suka yi. Amma da bazara ta kama, daga azahar zuwa la'asar ba mai iya zama cikinsa, sai mu kwashi allo da tabarmi mu koma gindin aduwa. Wani dattijo cikin ɗalibaina ya ce mini, "Malam, wannan ai ba ɗaki ba ne, tanda ce."

Maganarsa ta tuna mini da gardamar da muka sha yi lokacin da nake horon malanta a Yamai. Ka dai san manyan gine-ginen birnin. An buɗe gadar Kenedi a 1970. A 1971 aka soma haƙar uraniyom a Arlit, kuɗi suka shigo. Zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu, maƙwabcinmu, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, aka tada otal Gawai da babban zauren taro na Palais des Congrès da benaye na ma'aikatu. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta, aka buɗe a 1987. Amma tun farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, kuɗin gyara ya yi wuya. Abokaina wasu suna cewa a rushe tsofaffin benayen a kafa sababbi masu gilashi, tun da dama tsarin Turawa ne, ba gadon kowa ba. Wasu kuwa suna cewa kada a taɓa ko ɗaya, tarihi ne.

Ni ban bi ko wane ɓangare ba, kuma ga dalilina.

A 1949 wani Bafaranshe mai tsara gini, Jean Prouvé, ya ƙera gida na ƙarfe da alminiyom a ma'aikatarsa kusa da garin Nancy. Aka ɗauko shi guntu-guntu cikin jirgin sama, aka harhaɗa shi a Yamai. Mutumin ya yi tunanin rana ƙwarai. Rufin biyu ne, wani bisa wani, da kafa a tsakiyar tsororuwa inda iska mai zafi take fita. Baranda ta kewaye ɗakunan don kada rana ta bugi bango. Uku kaɗai aka yi irinsa, ɗaya a Yamai, biyu a Barazabil a 1951, domin ya fi ginin gida tsada nesa ba kusa ba. Kuma kada mu ruɗi kanmu: ba don talakan Nijar aka yi shi ba, don ma'aikatan mulkin mallaka ne.

Gidan ya yi shekara wajen 50 a wurinsa, ya tsufa, ba wanda ya kula. Wajen shekarar 2000 wani dillalin kayan tarihi daga Faransa ya zo ya saye su duka ukun, ya kwance, ya yi gaba da su. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga na Barazabil a birnin New York, aka saya kusan dala miliyan 5. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Mu kuwa daɓen siminti aka bar mana.

Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Da gidan yana nan, da an kai yaran da ke koyon gini sun tsaya ƙarƙashin rufin nan da rana tsaka, sun ji da fatarsu yadda ƙarfe zai iya yin inuwa ba tare da ya gasa mutum ba. Wanda ya rufa ɗakinmu na Sanam da ya taɓa ganin haka, da wataƙila ba mu koma gindin aduwa ba.

Akwai wani ginin da ya cancanci a tsaya masa. Shi ne gidan ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana, wadda malam Abdou Moumouni ya shugabanta, mutumin da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa. László Mester de Parajd ne ya tsara shi, aka gama a farkon shekarun 1980. Na zamani ne sosai, amma an yi masa farfajiya a ciki da katangu masu tare rana, kamar yadda maginanmu suke yi tun kaka da kakanni. Irin wannan, in aka bari ya lalace, an yi hasarar ilimi.

To, amma benen da aka liƙa wa gilashi daga sama har ƙasa, tagarsa ba ta buɗuwa, sai injin sanyi ke riƙe da ransa, ban ga abin kuka ba in an sāke masa fasali. A watan Agusta na 2023, da Nijeriya ta yanke mana lantarki, duk wanda ke aiki cikin irin wannan gini ya gane bambancin. Ba shekarun gini nake aunawa ba, ko ƙasar wanda ya zana shi. Abin da nake tambaya shi ne: in wuta ta ɗauke, mutum zai iya zama ciki?

Masu cewa a adana kuma, su gaya mana wa zai zauna ciki. Gidan da ba a shara, gara ce magajiyarsa. Dubi Dandaji a jihar Tawa. Mutanen garin sun so rushe tsohon masallacinsu na ƙasa su gina babba. Mariam Issoufou, 'yar ƙasar nan, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka ba da shawara a gina sabon a gefe da tubalin ƙasa matsattse, tsohon kuwa a gyara shi a mai da shi ɗakin karatu. Aka gama a 2018, har da ɗakunan koyar da manya. Ka ga abin da na so a yi wa wasu benayen Yamai ke nan. Ni da na ɗanɗana neman wurin da zan zaunar da mata talatin masu son koyon baƙi, ba na iya wuce bene rufe ban ƙirga tagoginsa ba.

Mu dai a nan, ɗalibaina sun yi shawara bayan girbi za su kawo kara da ginshiƙai, mu kafa rumfa ta yamma da ɗakin, daidai bakin tagogin nan biyu. Maginin garin ya ce zai huda mana kafofi uku a saman bango, dab da kwano.