Jinjina ga masu buɗe ƙofa

Tun 1929 ƙungiyar Garden Club of Virginia a Amurka ke lallashin masu gidaje su buɗe wa baƙi ƙofa a watan Afrilu, kuɗin tikiti kuma a gyara tsofaffin lambunan tarihi da su. Korona ta hana a 2020, shekara na zagayowa matan ƙungiyar suka farfaɗo da abinsu.

Baƙo furanni kawai yake gani a tulu. Bai ga wadda ta yanko su da asuba ba, bai san ƙafar wadda ta wuni tsaye bakin ƙofa tana nuna hanya ta kumbura ba, kuma ko sisi ba a biyanta. Uwargidan da ta yarda takalman baƙi su tattake mata falo kuwa, ai tata gaisuwar daban ce.